Bindigar Baffa a Cikin Likkafani

Ku 'yan matan da kuke damuna da saƙo wai in sa baki Umma ta ɗauke ku aiki a shagon kargo, ku karanta wannan tukuna, don na gaji da amsa muku ɗaya bayan ɗaya. Jiya wata ta rubuto min wai ai aikin ba wuya, liƙa salatif ne da rubuta suna a jikin kwali, ga sanyin esi. Na karanta saƙon ina tsaye a kan buhun dabino da ya fashe, takalmina ya manne da ƙasa. Ban ba ta amsa ba. Ga amsar nan.

Shagonmu yana unguwar Hindawiyya a Makka, tsakanin mai sayar da waken ful da gurasa da wani mai gyaran waya. Alhaji zai zo Makka da jaka ɗaya, ranar komawa ya ga kayansa sun fi ƙarfin abin da jirgi zai ɗaukar masa. Sai ya kawo mana. Mu auna, mu buɗe, mu sake ɗaurewa, motar Jidda ta kwashe, a loda a kontena ta bi ruwa. Kano, Maiduguri, Yamai, Injamena. Lasisin shagon da sunan Umma yake. Duk abin da ya shiga kontena da hatiminmu, ita za a tambaya. Alhajin yana can gida a kan darduma yana karɓar barka da sauka.

Kayan aikina ba su da yawa. Sikelin ƙasa, wanda kowace hajiya ta rantse an yi masa wani abu. Wuƙar yanka kwali, ɗaure da zare a wuyan hannuna, don in na ajiye ta wata za ta ɗauka ta yanke igiya ta jefa a jakarta. Salatif mai faɗi, nan muna ce masa shatartun. Baƙar maka ta rubuta suna a kwali. Safar hannu, saboda ba ki san me za ki taɓa ba. Amma manyan kayan aikin su ne hanci da tafin hannu, su kuma ba a sayar da su a kasuwa.

Da na gama sakandare na zo shagon da tunanin za a ba ni kujera da kwamfuta. Umma ta nuna min ƙasa. Lokacin hajji na farko da na yi a shagon gaba ɗaya a durƙushe na yi shi, ina buɗe jakunkunan mutane suna hararata. Abu na farko da ta koya min shi ne kada in taɓa tambayar mutum ko akwai abin da aka hana a cikin kayansa. Zai ce babu, ya juya ya nuna wajen Harami ya rantse, ke kuma kin sa bawan Allah ya yi rantsuwar ƙarya yana sabon alhaji. Ki tambaye shi me ya saya wa jikokinsa. Nan take zai washe baki ya zazzage miki komai da kansa.

Akwai wata Hajiya daga Azare da ta kawo kwali, na ɗaga na ji ɗumi. Soyayyar kazar nan ce da ake layi a kanta, har da tafarnuwarta. Wai ɗanta ya ce kada ta dawo ba ta kawo masa ba. Na ce Hajiya, kayan nan ta ruwa za su tafi, sai sun yi wata da watanni. Ta ce ai kazar Makka ce, akwai albarka a jikinta. Na ce albarka ba firji ba ce. Ta kai ƙarata wurin Umma wai ba ni da kunya. A ƙarshe a shagon muka cinye, ita ta fi kowa ci.

Zamzam kuwa, da aka hana sa shi a kargo, na gan shi a inda ba ki zato. A cikin butar shayi an toshe hancinta da cingam. A cikin filas. A tsakiyar naɗaɗɗen kafet. Turare ma haka, kwalabe a cikin safa, safa a cikin takalmi, takalmi a cikin tukunya. Batir, man wanke farce, gawayin turaren wuta mai kamawa da kansa, duk abin da zai iya tashi da wuta a tsakiyar teku mutanenmu suna sonsa. Amma abin da ya fi cin raina bindigar wasa. Kowane kaka sai ya saya wa jikansa, mai ƙara da jan wuta. Na'urar da ke haska kaya a Jidda ba ta san wasa ba. Ta ga siffar bindiga, an tsayar da kontena, an sauke kayan mutane gaba ɗaya a rana, dabino ya narke, waya ta fara ruri daga ƙasashe uku. Don haka ko ta roba ce, ko ruwa take harbawa, ba ta wuce hannuna. In tsoho ya yi fushi, ya yi.

Shekarar korona ba alhaji ba ɗan umara. Muka zauna muna kallon sikeli. Kayan da aka riga aka kawo suka maƙale a sito, na koyi irin warin da dabino yake yi in ya gaji da jira. Abin da ya riƙe shagon daga baya ba abin farin ciki ba ne: mutanen da aka rushe wa gidaje a unguwar Nakkasa, waɗanda suka ga gara su koma gida bayan shekaru masu yawa. Su ba tsaraba suke aikawa ba, gida sukutum suke naɗewa. Wata tsohuwa ta kawo ƙofar ɗakinta ta ƙarfe. Na buɗe baki zan ce nauyinta ya fi amfaninta, Umma ta taka min ƙafa. Muka naɗe ƙofar da bargo, ta tafi garin Tawa.

To, duk wannan share fage ne. Aikin da nake so ku ji shi ne na Baffa.

Baffa yayan mahaifinmu ne. Kakanninmu da suka taho Makka a ƙasa sun bar shi yana yaro wurin dangi a bakin tafkin Chadi, da niyyar su dawo su ɗauke shi. Ba su koma ba. An haifi babanmu a nan, ya rayu a nan, ya rasu a nan. Baffa kuma ya tsufa a wani tsibiri da ake kira Tumbun Shamuwa, yana sayar da busasshen kifi yana noman masara. Dogo ne, muryarsa ta mai kiran mutum daga wannan gaɓa zuwa waccan. Sunan mahaifiyarsa aka sa min, don haka uwata yake ce min, kuma ni kaɗai ce a gidanmu nake iya kallon idonsa in yi magana. Umma ko sunansa ba ta faɗa. In yana falo tana magana ne da bango.

Bara ya zo umara ya sauka a gidanmu a unguwar Shisha. Ranar da motar Jidda za ta zo bayan la'asar, sai ga shi a shago da kayansa, yayana Faisal yana biye da shi. Dabino, darduma, agogon bango mai kiran salla, duk na auna na buɗe. Na ƙarshe wani dogon abu ne a naɗe da farin yadi, an ɗaure kai, an ɗaure tsakiya, an ɗaure ƙafa.

"Wannan likkafanina ne, uwata," in ji shi. "An wanke shi da zamzam. Kada a taɓa."

Wannan ba baƙon abu ba ne. Tsofaffi da yawa suna sayen yadi su jiƙa da zamzam su shanya su tafi da shi. Ƙa'idar Umma ita ce mai likkafani shi zai kwance da hannunsa, mu dai mu duba. Amma likkafani a ninke yake zuwa, kamar zanin gado. Na sa hannu na ɗaga. Nauyi. Na bi shi da tafin hannu daga sama zuwa ƙasa. Sanyin ƙarfe, sannan katako, sannan wani ɗan abu mai lanƙwasa da yatsana ya shiga ciki daidai.

Na ɗago. Faisal yana kallon fankar sama kamar yau aka ƙirƙiro ta. Umma kuwa ta tuna tana da aiki a sito.

"Baffa," na ce, "likkafanin naka yana da kunama."

Bai ko girgiza ba. "Bindigata ce. Na naɗe ta ne don kada ta ƙuje, kuma don ma'aikatan hanya su ji tsoron Allah su ƙyale ta."

"Bindigarka daga ina?"

Ya nuna Faisal da sanda. "Ɗan albarka."

Na ja ɗan albarka zuwa bayan kwalaye. Faisal yana aiki a wani kamfanin motocin alhazai, kuma abin da yake so a duniya shi ne fita sahara da abokansa harbin tsuntsu. Ya daɗe yana tara kuɗi kafin ya sayi bindigar farauta ƙirar Turai, da takardar izininta da komai, da lambarta a kan sunansa. Ashe a daren jiya, ina shago, ya fito da ita yana nuna wa Baffa. Baffa ya shafa ta ya ce kai, wannan abu ya yi kyau. Faisal kuma ya yi abin da kowane ɗan Makka yake yi in baƙo ya yaba kayansa. Ya ce, "Mugaddam, ya Baffa." Wato taka ce, ɗauka.

Ku da kuka tashi a nan kun sani. In ka yaba agogon mutum zai ce taka ce. Kai kuma ka ce a hannun mai shi ya fi kyau, Allah ya ƙara. Shi ke nan, kowa ya fita kunyar kowa, agogo yana inda yake. An yi min tayin mota a haka, an yi min tayin gida. Amma a Tumbun Shamuwa in mutum ya ce taka ce, to taka ce. Baffa ya ɗora bindigar a cinya, ya ɗaga hannu biyu, ya zuba addu'a tun daga kan kakanni har jikokin da Faisal bai haifa ba.

"Kai kuma me ka ce?" na tambaye shi.

"Na ce amin."

"Ka ce amin."

"Wallahi kowa ya ce amin! Har Umma daga kicin! Hadiza, ya zan yi? Ammina ne, yayan babanmu. Ki yi masa magana, ke yana jin taki."

"Me ya sa ba a gaya min tun jiya ba?"

"Umma ta ce bakinki."

Ga abin da ke gabana. In bindigar ta shiga kontena da hatiminmu, an rufe shagon Umma, kuma lambar da ke jikinta za ta kai 'yan sanda har ƙofar ɗakin Faisal. In na ƙi karɓa kawai, Baffa zai ɗauki kayansa ya shiga lungu, inda akwai masu karɓar kaya ba lasisi ba buɗewa, kuma lambar tana nan daram. Dole bindigar nan ta koma gida, kuma dole Baffa ne zai yarda da bakinsa.

Faisal ne ya kawo dabarar farko, kuma daga nan za ku gane irin kansa. Wai tunda Baffa ya ga yadda ake yi a Makka, in je in yaba bindigar, shi ma zai ce tawa ce. Na san ba za ta yi ba, amma na je. Na durƙusa na kwance bakin yadin na leƙa.

"Masha Allah, Baffa. Wannan bindiga taka ta yi kyau. Ban taɓa ganin irinta ba. Ina ma tawa ce."

"Ai uwata kin san abu mai kyau," in ji shi. "Rufe ta kada ƙura ta shiga."

Na koma hanyar da na iya. Na jawo kujera na zauna a gabansa.

"Baffa, me za ka yi da ita?"

"Dorina. Shekara uku ke nan tana cinye min masara. Mun buga gwangwani, mun kunna wuta, ta zo ta kwanta kusa da wutar tana jin ɗumi."

"Wannan ta harbin tsuntsu ce. In ka harbi dorina da ita, susa ka yi mata."

"Ki bar ni da ita."

"To, wace ƙasa za ta?"

"Tumbun Shamuwa. Kowa ya sani."

"Ƙasa nake tambaya, Baffa."

Ya shafa gemu. "To, ya danganta da ruwa. In tafki ya cika, sojojin gabas ne suke zuwa da kwalekwalen inji su kafa tutarsu. In ya janye, na yamma su zo da mota su sauke ta su kafa tasu. Mai unguwarmu yana ajiye da tutocin biyu a ƙarƙashin gado. Wanda ya iso, a ɗauko masa tasa a kakkaɓe."

Faisal ya zauna a kan sikeli bai sani ba.

Na kira Ammu Saleh, dattijon da yake fitar mana da kaya a kwastam ɗin Jidda tun ina goye, na buɗe muryar wayar don Baffa ya ji da kunnensa. Na ce ina tambaya ne kawai, a ce wani yana da bindigar farauta ƙirar waje mai lasisi, yana so ya aika ta wani tsibiri da ƙasashe biyu suke jayayya a kansa. Ammu Saleh ya ce in maimaita, na maimaita. Sannan ya fara. Ban taɓa sanin yana da wannan muryar ba. Na fassara wa Baffa daga Larabci, na cire zagin, abin da ya rage bai kai rabi ba.

Abin da ya rage shi ne wannan. Ƙasar da ta ƙera bindigar ba ta sake ta haka kawai ba. Sai da wanda ya shigo da ita ya sa hannu cewa nan za ta tsaya, ba za ta zarce wata ƙasa ba sai da yardarsu. Hukumar nan kuma ta ba Faisal izini ne shi kaɗai, ko maƙwabcinsa ba zai miƙa wa ba. In za ta fita, sai hukumar nan ta yarda, sai waɗanda suka ƙera sun yarda, sai ƙasar da za ta karɓa ta yarda. Shi kuwa wurin da ake jayayya a kansa, babu ma wanda za a tambaya. Ka tambayi gabas, ka ce ƙasar tasu ce ke nan, yamma ta tashi. Ka tambayi yamma, gabas ta tashi. In kuma aka kama ta can, kowane ɓangare zai ce ɗayan ne yake raba wa mutanen tsibiri makamai.

"A kan dorina?" in ji Baffa.

"Su ba su san da dorina ba."

"Ai ya kamata su sani! Masarar tasu ce su ma, duk wanda ya zo sai ya ɗiba!"

Na gwada ta hanyar da zai gane. "Baffa, in ka ba mutum aron kwalekwalenka ka ce kada ya wuce gaɓar can, sai ya ba wani, wanin ya wuce, wa za ka kama?"

"Wannan aro ne. Tawa kyauta ce."

"Wanda ya ba ka, da sharaɗi aka sayar masa. Wanda ya sayar masa, da sharaɗi aka ba shi."

"To in haka ne wane ne mai bindigar?"

"Kowa yana da ita, ban da wanda yake riƙe da ita."

"Wannan ba ciniki ba ne, uwata. Wannan riƙon amana ne aka karɓi kuɗinku."

Ban ce masa ƙarya yake ba.

Sai ya miƙe, ya rungumi likkafaninsa, ya ce tunda shagon ƙaninsa ya fi ƙarfinsa zai hau jirgi da ita a hannu. Faisal ya yi wani sauti kamar an taka mage. Na tsaya a bakin ƙofa na ce ba inda za ta. Na faɗa masa a fili, da Hausar da ba ta da kwana: in ta fita daga garin nan ta kowace hanya, ɗan albarkarsa zai kwana a gidan yari, matar ƙaninsa kuma za ta rasa shagon da take ci da marayu. Hajiyoyi biyu da suke jiran layi suka daina taunar cingam.

Ya koma ya zauna. Na ɗauka an gama. Ashe yanzu aka fara.

"Ba zan ɗaure yaron nan ba," ya ce. "Amma ba zan mayar da kyauta ba. An yi addu'a, an shafa. Wa ya taɓa kwance amin? Kuma na riga na aika murya gida tun jiya. Duk Tumbu an ji ɗan ƙanina na Makka ya ba ni bindigar Turawa. Mai unguwa ya ji. Sarkin ruwa ya ji. In sauka daga kwalekwale da agogon bango, in ce musu me? In ce an ba ni an ƙwace? Gara in zauna a nan har in shiga yadin nan."

Kuma ya gyara zama irin na wanda zai yi hakan. Motar Jidda ta iso, direba yana ta hon. Ni kuma maganata ta ƙare. Na iya cewa a'a, na faɗa, ta zauna. Abin da ke bayan a'a ne ban iya ba.

Sai ga Umma ta fito daga sito da tiren shayi, kamar ba ta ji komai ba, alhali sito da shago labule ne tsakaninsu. Ta ajiye a gaban Baffa, ta ja baya, ta juya wajen bango inda kalanda take, ta fara magana da ni.

"Hadiza, kin tuna Alhajin nan na Kano da yake da bene a Aziziyya?"

Ban san wani Alhaji ba. Na ce na tuna.

"Shekara nawa yana da shi, ban taɓa ganin ya kawo mana shi mu sa a kontena ba. Manyan mutane haka suke. Abinsu yana Makka, su suna gida, an san nasu ne. Bindiga a hannu ai kowane maharbi yana da ita. Amma a ce wane yana da bindiga a Makka, da mai kula masa da ita, ni dai ban taɓa jin mai irin wannan ba."

Ta ɗauki tiren da babu komai ta koma bayan labule.

Baffa ya kurɓi shayi. Ya sake kurɓa. Na ga maganar tana shigarsa kamar ruwa a busasshiyar ƙasa.

"Da mai kula masa da ita," ya maimaita a hankali. Ya juya ya dubi Faisal tun daga sama har ƙasa, irin kallon da ake yi wa wanda ya zo neman aiki. "Kai, kana da riƙon amana?"

"Wallahi ina da shi, ya Baffa!"

"To zo ka durƙusa. Uwata, ki zama shaida. Hajiyoyi, ku ma ku shaida."

Ya kwance likkafanin da hannunsa, ya ninke shi yadda ake ninke likkafani, ya miƙo min na auna na sa a cikin kayansa. Sannan ya ɗora bindigar a hannuwan Faisal biyu, amma bai saki ba.

"Bindigata ce, ka ji ko?"

"Na ji."

"Takardar hukuma ta zauna da sunanka, tunda haka suke so. Amma ni da kai da Allah mun san mai ita. Ba ka ba kowa aro."

"Ba zan bayar ba."

"Ba ka sayarwa. Ba ka cewa wani taka ce in ya yaba, tunda na ga bakinka ba shi da ƙofa."

"Na tuba."

"Kana shafa mata mai. Duk Juma'a in na kira ka nuna min ita a waya."

"In sha Allah."

"Kuma na faɗa wa mutane a Makka take. To a Makka za ta zauna. Ba Jidda ba, ba Ɗa'if ba, ba dajin nan naku ba. Kada ta ƙetare iyakar Harami ko da taku ɗaya. Ka ɗauka?"

Faisal yana murna bindiga ta dawo, ya ce ya ɗauka, ya rantse. Baffa ya ɗaga hannu ya yi addu'a, muka shafa, har direban motar Jidda da ya shigo yin masifa ya tsaya ya ce amin. Na liƙe kwalayen Baffa, na buga hatimi, aka loda.

Sai da muka rufe shago muna cikin mota, Faisal yana tuƙi yana waƙa, na ga waƙar ta tsaya a tsakiya. Ya rage gudu. Ya juyo ya kalle ni.

"Hadiza. A cikin Harami ba a farauta."

"Ba a yi."

"Ko tsuntsu ba a kora."

"Ko ciyawa ba a cirewa. Kalli hanya."

Baffa yana gaba yana jan carbi. Har yau ban sani ba ko ya san abin da ya yi. Umma ta ce in daina tambaya.

Dorina ta sake cinye masarar bana. Baffa bai damu sosai ba, don yanzu a Tumbu ko sojojin gabas suka zo ko na yamma, sai an nuna musu shi an ce ga mai bindiga a Makka, su kuma su tambaya tana ina, a ce tana Makka, su gaishe shi su wuce. Duk Juma'a bayan an sauko waya tana ruri, Faisal ya buɗe kabad ya ɗauko ta ya juya ta gaba da baya a gaban kyamara, dattawan tsibiri sun taru a bayan Baffa suna masha Allah. Sau biyu yana roƙon a ba shi izinin fita da ita na kwana ɗaya. Baffa ya ce zai duba.

Har yanzu Faisal yana bin abokansa sahara duk ƙarshen mako. Shi yake dafa musu shayi.